Majeman Damagaram da lissafin ruwa

Birnin Damagaram bisa dutse yake zaune, shi ya sa ruwa ya daɗe yana ba shi wuya. Ƙarancin ruwan na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Amma jima, wadda garin ya yi suna da ita tun zamanin fataken Sahara, sana'a ce mai shan ruwa. Fatar akuyar da aka sayo a kasuwar Zermu ko ta Mirya, kafin ta zama kirgi, sai an jiƙa, an tuje gashi, an ɗauraye, an kuma ɗaurayewa. Wannan ruwa da kuɗi ake sayensa, amma majemi nawa ne ke iya faɗin tano nawa ya zubar a wata?

Nan tsarin kula da muhalli ya shigo, wanda aka fi sani da ISO 14001, da ya fito a 1996. Ba doka ba ce, hanyar aiki ce: mai masana'anta ya rubuta abin da ke shiga, ya rubuta dattin da ke fita, ya ɗaukar wa kansa alkawarin ragewa, sannan masu bincike su zo daga waje su duba. Ɗan kasuwar da ya saba da littafin bashi ba zai ga baƙon abu a ciki ba.

Ribar a fili take. A jimar zamani da gishirin kurom, wajen kashi ɗaya cikin uku na maganin ba ya kama fata, rariya yake bi, alhali ana iya tace shi a sake aiki da shi. Haka ruwan ɗauraya na ƙarshe yana jiƙa sabuwar fata. Mutanen bakin kogin Challawa a Kano sun ga abin da sakaci ke jawowa.

Akwai kuma batun masu saye. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fata masu taɓa jiki in kurom mai guba ya kai miligiram 3 a kilo. Majemin gargajiya mai aiki da bagaruwa ya tsira daga wannan sharaɗi, sai dai ba shi da takardar da za ta shaide shi.

Dokar Nijar mai lamba 98-56 ta 1998 ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin a kafa masana'anta. Takardar ISO kuwa ta fi ƙarfin aljihun majemi guda. In sun haɗu cikin ƙungiya, suna iya raba kuɗin mai bincike da na ramin tace ruwa.