Shin Ko Kun San? Abin Da Aka Tarar Da Aka Bi Sawun Fatalwa

Samuwar aljanu magana ce ta imani, Alƙur'ani ya riga ya yanke ta, kuma ba ita ce a gabanmu yau ba. Abin da muka ɗauko shi ne labaran gidan da ake jin takun sawu, da inuwar da ke giftawa cikin dare, da abin da aka tarar a lokutan da wani ya daure ya ɗauki fitila ya je ya duba.

Shin ko kun san labarin gida mai fatalwa ya kusa shekara 2,000 a rubuce? Wani marubucin Rumawa, Pliny Ƙarami, ya kawo shi a cikin wata wasiƙa. Gida ne babba a birnin Atina na ƙasar Girka, kowa ya guje shi saboda ƙarar sarƙa da ake ji da dare. Wani masanin falsafa, Athenodorus, ya ga arhar haya ya kama. Dare na tsalawa sai ga tsoho ramamme mai dogon gemu, da mari a ƙafa, yana yafuto shi. Ya bi shi har tsakar gida, tsohon ya ɓace. Washegari aka haƙa wurin, aka sami ƙasusuwa ɗaure da sarƙa, aka binne su yadda ya kamata, gida ya lafa. Har gobe da waɗannan kayan masu shirya finafinan ban tsoro ke aiki.

Shin ko kun san 'yan mata biyu ne suka kunna wutar kiran ruhin matattu a Amurka? A watan Maris na 1848, a ƙauyen Hydesville na jihar Niyok, Maggie Fox da ƙanwarta Kate suka ce wani ruhi na amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Maƙwabta suka cika gidan. Kafin ka ce kwabo an kai su manyan birane, ana biyan kuɗi a shiga a ji matattu na magana, abin har ya tsallaka Ingila. Bayan shekara 40, a watan Oktoba na 1888, Maggie ta hau dandamali a birnin Niyok gaban ɗimbin jama'a, ta tuɓe takalmi, ta ɗora ƙafa kan wata 'yar kujerar katako, ta motsa gaɓar babban yatsanta. Ƙarar ta karaɗe zauren. Ta ce tun suna yara haka suke yi, wani lokaci kuma tuffa suke ɗaurewa da zare su riƙa buga ta a ƙasa don su tsorata mahaifiyarsu. Shekara guda bayan nan ta janye maganar, kuma su biyun cikin talauci suka rasu. Ni waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu biyan kuɗin. Yawancinsu mutane ne da aka yi wa rasuwa, suna neman ko da kalma ɗaya daga ɗa ko miji, aka mai da hawayensu jari.

Shin ko kun san Michael Faraday, gwanin ilimin lantarki, ya taɓa binciken teburin da ake cewa ruhohi ke juyawa? A 1853 ya jera kwalaye masu iya zamewa tsakanin hannuwan mutane da teburin. Na saman ne suka fara gocewa, alamar hannu ke tura tebur, ba tebur ke jan hannu ba. Mutanen ba ƙarya suke yi ba. Tsokar hannunsu ke aiki ba tare da saninsu ba.

Shin ko kun san a 1882 aka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan, kuma wani malamin jami'ar Kambirij, Henry Sidgwick, ne shugabanta na farko? Ta tambayi mutum 17,000 ko sun taɓa gani, ko ji, ko jin taɓawar abin da babu shi alhali idonsu biyu. A rahoton da ya fito a 1894, kusan ɗaya cikin goma ya ce i. Wato wanda ya ce ya ga wani abu ba lallai maƙaryaci ba ne, ba kuma lallai mai taɓin hankali ba.

Shin ko kun san hoton fatalwa ya girmi kwamfuta da nisa? William Mumler na birnin Boston ya yi suna da shi tun wajejen 1860, ta hanyar haɗa hoto biyu a faranti ɗaya. An gurfanar da shi a kotu a 1869 kan zamba amma aka sallame shi. Daga baya har matar marigayi Shugaba Abraham Lincoln ya ɗauka, da siffar mijinta tsaye a bayanta.

Shin ko kun san masu wasan dabo ne suka fi iya kama masu wannan damfara? Harry Houdini ya sha tona asirinsu. Kafin ya mutu a 1926 ya shirya wata kalmar sirri da matarsa Bess, wadda zai aiko idan har akwai hanya. Ta yi ta zaman jira duk shekara har 1936, sannan ta haƙura. James Randi kuwa dala miliyan ɗaya ya ajiye ga duk wanda ya nuna wata baiwa ta gaibu a gaban masu gwaji. An rufe gasar a 2015, ba wanda ya ci.

Shin ko kun san fanka ta taɓa zama fatalwa? Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, yana aiki shi kaɗai da dare a ɗakin gwaje-gwajen da ma'aikata ke cewa ba lafiya ba. Sai gumi mai sanyi ya keto masa, gabansa ya faɗi, ya hangi wani abu toka-toka ta gefen ido. Da ya waiwaya, ba kowa. Washegari ya zo da siririn takobinsa na wasa don ya gyara, ya matse shi a jikin teburin aiki, sai ya ga tsinin yana karkarwa shi kaɗai. Nan ya gane akwai sauti a ɗakin. Ya bi diddigi har ya kai ga wata sabuwar fankar zuƙe iska, mai fitar da sautin da ke kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa, alhali kunnen mutum daga wajen 20 yake fara ji. Da aka gyara fankar, abin ya ɗauke. Ya wallafa bayanin a 1998. Masana na ta muhawara kan ƙarfin tasirin irin wannan sauti, amma hanyar da ya bi abar koyi ce: bai ƙaryata abin da ya ji ba, bai kuma tsaya nan ba.

Shin ko kun san dannau ba mu kaɗai yake dannewa ba? Japanawa na kiransa kanashibari, a tsibirin Newfoundland na Kanada kuwa tsohuwa suke cewa ke hawa ƙirjin mutum. Likitocin barci sun bayyana cewa a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan kashe motsin gaɓoɓi, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani sa'in mutum ya farka jikin bai saki ba: ido biyu, baki ya ƙi buɗuwa, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarkin kuma na yawo a ɗaki. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa 28. Rashin isasshen barci, da damuwa, da kwanciyar rigingine na ƙara jawo shi, kuma yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. A yi addu'ar kwanciya, a kuma ba jiki haƙƙinsa na barci.

Shin ko kun san a 1991 wata kotu a jihar Niyok ta ba mai sayen gida damar fasa ciniki, don mai gidan ta daɗe tana shelar akwai fatalwa a ciki amma ba ta faɗa masa ba?

Shin ko kun san tsoro kaɗai na kisa? A watan Mayu na 2001 jita-jita ta cika birnin Delhi na Indiya cewa wani mutum-biri na kai hari da dare. Lokacin zafi ne, ga ɗauke wuta, mutane na kwana a saman soraye. Aƙalla mutum biyu suka mutu wajen gudu, ta hanyar faɗowa daga sama ko daga matakala, ba a kuma kama komai ba. Mu ma mun ga irinta. A 2004 aka baza cewa akwai lambar wayar da ke kashe wanda ya amsa, ta sake dawowa a 2011 har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce ba zai yiwu ba. Mafi muni ita ce ta satar mazakuta, wadda ta sa aka kashe mutane a Gana a 1997, ta kuma sake tashi a Abuja a 2023. Baƙo ya miƙa hannu a gaisa, wani ya kurma ihu, sai duka. Wannan zalunci ne, kuma alhakin jinin na kan mai ihun da masu dukan.

Shin ko kun san hayaƙi na iya sa a ga fatalwa? A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida. Suka riƙa jin takun sawu da ƙarar ƙararrawa, suna ganin mutane tsaye a bakin gado, yara suka yi fari fat, ciwon kai ya ƙi ƙarewa, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka duba, murhun ɗumama gidan ne ya lalace, yana tura iskar guba ta kabon monoksaid cikin ɗakuna. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ita ce dai ke fita daga janareta da garwashin gawayi. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ruɗewa, mai barci kuwa kan wuce bai farka ba. Don Allah jama'a, kada a kunna janareta a cikin ɗaki, ko shago, ko a bakin taga, kada kuma a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofofi, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti.