Ruwan da ake turawa ƙarƙashin ƙasa na iya girgiza ta: abin da ya kamata mu sani a Nijar



Tun da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram cikin watan Nuwamban 2011, Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo man fetur. A watan Mayun 2024 kuma jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen man Agadem a tashar Seme ta ƙasar Benin, bayan man ya biyo bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. An tsara haƙon ya tashi daga ganga 20,000 a rana zuwa 110,000. Zancen kuɗin mai kowa na yinsa, a fada da kasuwa. Wanda ba a cika yi ba shi ne na ruwan da ke fitowa tare da man, da inda ake kai shi. A wasu ƙasashe wannan ruwa ya girgiza ƙasa har gidaje suka tsage. Yau shi za mu warware muku.

Wane ruwa ke nan?

Rijiyar mai ba mai zalla take bayarwa ba. Man yana fitowa ne gauraye da wani tsohon ruwa da ya daɗe kwance cikin duwatsu, wanda sau da yawa ya fi ruwan teku gishiri. Ba ya shayuwa ga mutum ko dabba, ba a kuma yin ban ruwa da shi. Duk lokacin da rijiya ta ƙara tsufa, ruwan na ƙaruwa, man na raguwa. Akwai wurare a Amurka da ganga ɗaya ta mai ke zuwa da ganga 10 ta ruwa ko fiye.

To, ina za a kai shi? Kamfanonin mai a ko'ina cikin duniya suna mayar da shi ƙasa ne da manyan injuna. Hanya biyu ce. Ta farko, a mayar da shi cikin dutsen da aka ciro man, don ya koro sauran man zuwa bakin rijiya. Ta biyu, a haƙa wata rijiya daban mai zurfi, a dinga ɗura shi cikin wani dutsen da ba a ciri komai daga cikinsa ba. Ta farkon kamar mayar da ruwa ne cikin randar da aka ɗiba. Ta biyun kuwa kamar ɗura ruwa ne cikin randar da ta riga ta cika. Ita ce ta fi jawo matsala.

Yaya ruwa zai motsa dutse?

Can ƙarƙashin ƙasa, nisan kilomita da dama, duwatsu suna da tsofaffin tsagogi. Ɓangarori biyu na kowace tsaga suna dannen juna, kowane na neman zamewa, amma nauyin da ke bisansu ya hana. Haka za su zauna shekaru dubbai ba motsi.

Ku ɗauki misalin babbar mota da aka faka da kaya a kan gangare. Nauyinta ne ke manne tayoyinta da ƙasa. In aka sa jak aka ɗan ɗaga ta, ba sai an tura ta ba, da kanta za ta sulale. Ruwan da inji ke turawa da ƙarfi haka yake yi. Yana kutsawa cikin tsagar, ya ɗan raba ɓangarorin biyu, riƙon ya sassauta, sai dutsen ya zame gaba ɗaya. Wannan zamewar ce muke ji a sama a matsayin girgizar ƙasa.

Kun ga ke nan ruwan ba shi ya ƙirƙiri tsagar ba, ba shi ya tara ƙarfin ba. Sakata kawai ya zare. Shi ya sa aka samu dubban rijiyoyin zubar da ruwa da ba su taɓa girgiza komai ba. Sai abubuwa sun haɗu: ruwa mai yawa, turi mai ƙarfi, da tsagar da dama ta kusa zamewa, musamman cikin dutsen tushe, wato ƙaƙƙarfan dutsen da duk sauran shimfiɗun yashi da laka ke zaune a kansa.

Inda abin ya faru

An fara gane wannan ne a kusa da birnin Denba na Amurka. Sojojin ƙasar sun haƙa rijiya mai zurfin mita 3,600 da ɗoriya, suka fara zuba gurɓataccen ruwa a 1962. Ba a jima ba ƙasa ta fara rawa, sau ɗaruruwa. An daina zubawa a 1966, amma girgiza mafi ƙarfi, mai kusan maki 5, sai a 1967 ta zo. Darasin shi ne, ko an kashe inji, matsin ruwan na ci gaba da tafiya cikin dutse.

Daga 1969 zuwa 1973 masana suka yi gwaji a filin mai na Rangely, duk a jihar Kolorado. In suka ƙara matsin ruwa, girgiza ta yawaita. In suka rage, ta lafa. Daga nan gardama ta ƙare.

Babban misali shi ne jihar Oklahoma. Kafin 2009, girgiza mai maki 3 ko fiye ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 sai da aka ƙirga kusan 900. A 2011 mai maki 5.7 ta lalata gidaje a garin Prague na jihar, ranar 3 ga Satumban 2016 kuma mai maki 5.8 ta afka wa yankin Pawnee. Dalili, ana ɗura ruwan gishirin rijiyoyin mai cikin wani dutse da ke kwance daidai bisa dutsen tushe. Da hukuma ta tilasta wa kamfanoni rage ruwan, zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da 100.

A Koriya ta Kudu ba ma mai ake nema ba. Ruwa ake turawa zurfin sama da kilomita 4 don a samo zafin ƙasa a yi lantarki. Ranar 15 ga Nuwamban 2017 girgiza mai maki 5.4 ta faɗa wa birnin Pohang, mutane da dama suka ji rauni, sama da 1,000 suka bar gidajensu, har aka ɗage jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa da mako guda. A watan Maris na 2019 kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce turin ruwan ne ya tayar da ita.

Ga kuma na maƙwabta. A yankin In Salah na Aljeriya, cikin wannan Sahara tamu, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil sun tura iskar kabon kimanin tan miliyan 3.8 zurfin kusan kilomita 2, daga 2004 zuwa 2011. Tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar da ke bisa rijiyoyin tana ɗan kumbura, milimita kaɗan a shekara. Na'urori kuma suka kama dubban ƙananan motsi da ɗan'adam ba ya ji. Aka dakatar da turin a 2011 tun abin bai yi nisa ba. Abin da ya bambanta In Salah da Pohang shi ne, a In Salah an ga alama an tsaya.

Mu fa a nan Nijar?

Kada hankalin kowa ya tashi. A taswirar haɗarin girgizar ƙasa ta duniya, Nijar tana cikin wuraren da haɗarin ya fi ƙanƙanta. Yamai tana bakin tsohon dutsen Liptako ne, wanda ya daɗe da natsuwa, kuma tsakaninta da Agadem akwai sama da kilomita 1,000. Irin wannan girgiza ɓarnarta ba ta cika wuce kilomita gomomi daga rijiya ba. Saboda haka ba mutanen Yamai ko Maraɗi ko Tawa abin zai fara shafa ba, sai makiyaya da mazauna yankin N'Gurti a jihar Difa, da ma'aikatan filin man.

Shi kansa yankin Agadem yana cikin kwarin Termit, wanda ya samu ne tun zamanin da ƙasar Afirka ta yi yunƙurin tsagewa, shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce. Wato akwai tsofaffin tsagogi a wurin, su ne ma suka tare man ya taru. Sai dai shimfiɗun yashi da laka na kwarin suna da kauri sosai, kilomita da yawa, don haka dutsen tushe na can nesa da inda ake ciro mai. Wannan abin kwantar da hankali ne. Amma haƙon da aka ninka fiye da sau 5 zai zo da ruwan da ya ninku shi ma, kuma ruwan zai ƙaru shekara bayan shekara.

Kada kuma mu ce Afirka ta Yamma ba ta girgiza. Ranar 22 ga Yunin 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a Akra ta ƙasar Gana. Ranar 22 ga Disamban 1983 wata ta hallaka ɗaruruwan mutane a yankin Gawal na ƙasar Gini. Waɗannan ba hannun mutum a cikinsu, amma sun nuna tsagogin yankinmu ba matattu ba ne. Gidajenmu na laka kuwa ba sa jure jijjiga kamar ginin siminti da ƙarfe. Girgizar da a wani wuri kwanuka kawai za ta zubar, a ƙauye tana iya kayar da katanga ko rufin soro.

Rijiyoyinmu na sha fa?

Ƴan'uwanmu mazauna Abuja za su tuna motsin ƙasar da aka ji a unguwar Mpape a Satumban 2018, wanda ya sake dawowa a Satumban 2024. A karon farko hukumomin birnin sun dakatar da fasa dutse da haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu unguwanni. Wannan labari ya sa wasu ke tsoron fanfon ƙauye. A bambanta. Can zancen dubban rijiyoyi ne cunkushe a birni ɗaya, ga nakiyar masu fasa dutse. Fanfon ƙauye kuwa ɗiban ruwa yake yi, ba turawa ba, daga zurfin mita 50 ko 100 ko ɗari kaɗan, alhali girgiza daga zurfin kilomitoci take tasowa. Kada wani gari ya ƙi rijiya saboda wannan tsoro.

Abin da ya fi kusa da makiyayi ma shi ne gurɓatar ruwa. In bututun rijiyar zubarwa ya fashe, ko simintin da ke kewaye da shi ya lalace, ruwan gishiri na iya haurowa ya shiga ruwan sha. Wanda ya ga rijiyarsa ta sauya ɗanɗano, ko dabbobi sun ƙi sha, ya kai magana gaba.

Kunnen da ke Torodi

Da yawa ba su san cewa Nijar tana da babbar tashar sauraren motsin ƙasa ba. Tana Torodi, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Burkina Faso. Tana cikin jerin tashoshin hukumar CTBTO mai cibiya a Biyana, wadda ke sa ido kan gwajin makaman nukiliya, kuma tana kama girgizar da ta faru a wasu nahiyoyi. Amma ƙananan motsin da ke fara ba da gargaɗi, irin na In Salah, sai na'urar da ke kusa da rijiya ke jin su. Torodi ta yi wa Agadem nisa.

Shi ya sa ƙasashen da suka ɗanɗana suka fito da tsari irin na wutar ba da hannu ta kan titi. Kore, a ci gaba. Rawaya, an ji ƙaramin motsi, a rage turi. Ja, a tsaya. A Basel ta ƙasar Suwizalan an rufe aiki bayan girgiza mai maki 3.4 a Disamban 2006. A Ingila an dakatar da irin wannan aiki a 2019 bayan mai maki 2.9. Ku sani kowane maki ɗaya da aka ƙara, ƙarfin na ninkawa kusan sau 32, don haka tsakanin 3 da 5 akwai ninki kusan 1,000.

Tambayoyin da ya dace a yi

Muna da ma'aikatar man fetur, da SONIDEP, da hukumar BNEE mai duba tasirin manyan ayyuka ga muhalli, da malaman ilimin duwatsu a Jami'ar Abdu Mumuni. Ƴan ƙasa, sarakuna da magadan gari suna da haƙƙin tambayar su da kamfanin CNPC abubuwa huɗu. Ganga nawa ta ruwa ke fitowa kowace rana? Cikin wane dutse ake mayar da ita, a wane zurfi? Akwai na'urorin auna motsi a filin, kuma wa ke karanta su? In bango ya tsage ko rijiya ta lalace, wa zai biya? Awon da aka fara tun ƙasa na kwance lafiya shi ne shaida ranar gardama, ga talaka da kamfani duka. Tun ran gini ran zane.

In kun ji ƙasa ta motsa

In kuna cikin ɗakin laka kuma ƙofa na kusa, ku fita fili, ku nisanci katanga da rumbu. In fita ba ta yiwu ba, ku durƙusa ku kare kai da wuya. Bayan ta lafa, kada a koma ɗakin da ya tsage sai magini ya duba. Ku riƙe rana da lokaci da abin da kuka gani ya motsa, ku ɗauki hoton tsagar da salula, ku sanar da maigari da magajin gari, ku kuma kira gidan rediyonku. Ƴan'uwa na ƙetare, don Allah a daina tura wa iyaye bidiyon WhatsApp da ba a san ƙasar da aka ɗauke shi ba.

Komai da ikon Allah yake faruwa, amma an umarce mu da riƙon sababi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu, ya sa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ya zame mana alheri.