Farfaɗiyar da Ƙari a Ƙwaƙwalwa Ke Haddasawa

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta wata 'yar wutar lantarki mai tafiya bisa tsari. Idan ƙari ya tsiro, yakan matse naman da ke gefensa har ya kumbura, sai ƙwayoyin wurin su riƙa sakin wutar barkatai. Daga nan farfaɗiya ke tashi. Ba kullum take kayar da mutum ba. Wani hannu ɗaya ne zai yi ta fizga, wani zai ji warin abin da babu shi, wani kuma ya ƙura ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba. Ƙarin da ke girma a hankali ma ya fi kawo ta, fiye da mai saurin girma irin glioblastoma.

Shi ya sa duk wanda farfaɗiya ta fara kamawa bayan ya girma, lallai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, MRI ko CT. Abin takaici, a garuruwanmu sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a shafe watanni ana hayaƙi, ƙari kuwa yana ta girma. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Likitoci sun fi son levetiracetam ga irin wannan majiyyaci, domin bai cika rikici da sauran magunguna ba. Tsofaffin magunguna irin phenobarbital, phenytoin da carbamazepine sun fi araha, amma suna sa hanta ta yi saurin ƙone wasu magungunan ciwon daji da dexamethasone, wanda ake bayarwa don rage kumburi. Valproate kuma yana da haɗari ga jaririn da ke ciki. Kowanne aka rubuta, ba a tsallake shi, ba a daina shi farat ɗaya, kuma kafin azumi a nemi shawarar likita. Idan ana iya cire ƙarin gaba ɗaya da tiyata, ita ta fi komai rage faɗuwa. Gashin radiyeshan da maganin ciwon daji su ma suna taimakawa.

Mai ciwon ya nisanci bakin murhu, rijiya, kogi da tuƙi. Idan ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa cuta, don haka babu dalilin gudu. Idan fizgar ta wuce minti 5, ko ta maimaitu bai farfaɗo ba, a garzaya da shi asibiti.