TSUKUNE: ƘWALLON NAMAN KAZA IRIN NA JAPAN, DA ABIN DA ZA KU KIYAYE



Yau girki ne daga Japan, sunansa tsukune. Niƙaƙƙen naman kaza ne da ake cuɗawa da hannu, a mulmula, a soke a tsinke kamar tsire, a gasa a kan gawayi a shagunan yakitori. A gida kuwa, a kasko suke soya shi, su lulluɓe shi da wani romo mai zaƙi da gishiri da ake kira tare.

To, a wannan romon ne matsalar take. Mutanen Japan suna haɗa shi da sake, wato giyar shinkafa, da kuma mirin, wanda na ainihinsa yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Da yawa sun ɗauka mirin kayan ƙamshi ne kawai. Kuma kar a ce muku wuta tana ƙone barasar duka, tafasa na 'yan mintuna ba ya fitar da ita gaba ɗaya. Ga yadda za ku yi naku babu ko ɗigonta.

KAYAN HAƊI
Niƙaƙƙen naman kaza rabin kilo (cinya ta fi ƙirji laushi)
Albasa ƙarama 1
Ɗanyar citta gogaggiya, ƙaramin cokali 1
Ƙwai 1
Garin sitaci, babban cokali 2
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Mai kaɗan

NA ROMO
Soya sos mai tambarin halal, babban cokali 3
Zuma, babban cokali 1 da rabi
Ruwa, babban cokali 3
Ruwan lemun tsami, ƙaramin cokali 1

YADDA AKE HAƊAWA
Uwargida, ki fara zuba gishirin a kan naman shi kaɗai, ki cuɗa sosai kamar minti 2 har sai ya yi danƙo yana kama hannu. Nan ne sirrin yake, in kika tsallake shi zai wargaje miki a kasko. Ki goga albasa ki matse ruwanta, ki zuba tare da citta da ƙwai da sitaci, ki sake cuɗawa.

Ki shafa mai a tafin hannu, ki mulmula kamar 10 zuwa 12, ki ɗan danne su su yi faɗi. Ki soya a matsakaiciyar wuta minti 3 zuwa 4 har ƙasan ya yi ja, ki juya, ki zuba ruwa cokali 2, ki rufe na minti 4. Sai ki buɗe, ki zuba romon, ki riƙa juyawa har ya yi kauri ya manne a jiki. Shi ke nan, a ci da farar shinkafa da kabeji.

ABIN KIYAYEWA
1. Niƙaƙƙen nama ya fi yanka haɗari, domin niƙa tana shigar da ƙwayoyin cuta irin su salmonela har tsakiya. Sai cikinsa ya kai digiri 75. In babu ma'auni, ku tsaga guda ɗaya, kar ku ga ja ko ruwan jini.
2. A Japan suna tsoma shi a ɗanyen gwaiduwar ƙwai, saboda ƙwansu ana wanke shi, a buga masa kwanan watan da za a iya ci ɗanye. Ƙwan kasuwa ba haka yake ba, ku bar wannan, musamman mai juna biyu da yara da tsofaffi.
3. Babban cokali 1 na soya sos yana da gishiri sama da giram 2, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 a rana. Mai hawan jini ya rage romon zuwa rabi.
4. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma.
5. Ku wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ciyar da mu halal. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.