Tsohuwar A-Kori-Kura: Gyaran Damina Ya Fi Na Kaka Araha

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi cikin watan Nuwamba, zai ga motoci a-kori-kura sun sha lodin masara da dawa da auduga har gindinsu yana neman taɓa ƙasa. Kuma ba zai yi nisa ba sai ya tarar da ɗaya daga cikinsu a gefen hanya, an jera ganye a bayanta, an tokare taya da dutse, direba yana kwance ƙarƙashi, yaron mota ya tafi neman bakanike. Wannan magana ta shafi masu karanta jaridar nan ƙwarai, gama malaman makaranta da akawuna da yawa, in sun kwashi adashi ko sun karɓi kuɗin sallama, irin motar nan su kan saya su ba direba, su sa ran abin cefane.

Yawancin motocin nan Fijo ne, watau Peugeot 504, da sauran 404 nan da can, sa'an nan da tsofaffin Toyota Hilux. A shekarar 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna. A shekarar nan kuwa aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya kawo taki da irin masara, ya kuma yi hanyoyin ƙauye. Masara ta yawaita, aka bukaci abin da zai fito da ita daga gona zuwa kasuwar Dandume da ta Bakori, ga Fijo a kusa. Faransa ta daina ƙera ƙaramar motar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006. Ke nan ko ƙaramar ƙanwa cikin waɗanda mu ke gani yau ta kai shekara ashirin ko ta kusa, yayyenta kuwa sun haura arba'in.

To, ba tsufa ke kashe su ba. Injin Fijo mai silinda huɗu ne, da kafireta ya ke shan mai, babu kwamfuta a cikinsa, kowane bakanike na Funtuwa ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Har wa yau masu ƙera shi sun yi wata dabara mai amfani ga talaka: hannun rigar da fistin ke kai da komowa a ciki, wanda makanikai ke kira silif, a kan zare shi a sa sabo. Saboda haka injin da ya gaji, a kan sake masa silif da fistin da ringi ya koma aiki, ba sai an sayi wani ba. Abin da mu ke gani yana kashe motocin nan shi ne lodi da ƙura da ƙarancin ruwa, da kuma maigida wanda ba ya leƙa gareji sai ran da aka jawo masa motar da igiya.

Mu fara da lodi, domin nan lissafi ya fi sauƙi. An yi a-kori-kurar Fijo don ta ɗauki kimanin tan ɗaya. Buhun masara kilo 100 ne, ke nan buhu goma ko goma sha biyu su ne haƙƙinta. Amma mu kan ga an ɗora ashirin, sa'an nan masu kayan su hau bisa. Direba ya ce ai sawu ɗaya ya fi biyu arahar mai, tun ba yanzu ba da man ya yi tsada. Gaskiyarsa a kan tsada: da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, bayan nan ma ta ƙara hawa. Sai dai abin da ya rage a gidan mai, shi ya ke biya ninki a gareji. Sifirin ya karye, boris na tayar baya ya ci, kuloci ya ƙone a hawan tudu, kuma birkin da aka auna shi da tan ɗaya ba ya tsai da tan biyu a gangare. Maigida ya faɗa wa direbansa adadin buhu tun ran da ya miƙa masa mabuɗi, kuma kada ya yanka masa balas ɗin da ba zai samu ba sai ya ninka lodin.

Maganar ruwa ita ce mu ke so a fi kula da ita. Gangar injin Fijo baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne, alminiyam kuwa ba ya haƙuri da zafi. In lagireto ya ƙafe, ko fambel ya tsinke, direba ya ce bari in lallaɓa in isa Kafur, kafin ya isa kan injin ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Wanda ya buɗe ya kwara ruwan sanyi a kan injin da ke tafasa, shi kuma yana neman ya tsaga shi. Fambel da tiyon lagireto suna cikin kayan mota mafi araha, gyaran kan inji kuwa yana cikin mafi tsada. Direba ya ajiye sabon fambel bayan kujera, da jarkar ruwan famfo ko na sama. Ruwan kududdufi da na rafi laka ce, tana toshe 'yan ƙananan hanyoyin lagireto a hankali, ba a sani ba sai ran da aka yi lodi.

Baƙin mai a juye shi kowane kilomita 5,000, tare da filtarsa. In agogon ƙidayar tafiya ya mutu, kamar yadda ya ke a yawancinsu, sai a bi watanni: mota mai aiki kullum kada ta wuce wata biyu ko uku. Man da a ke aunawa a kwalba bakin hanya, ba wanda ya san abin da ke ciki. Da hunturu kuwa a riƙa buɗe matatar iska kowane mako a kakkaɓe. Waɗansu su kan cire ta ɗungum wai mota ta fi numfashi. Lalle tana numfashi, amma ƙura ta ke shaƙa, ƙura kuma in ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi.

Akwai wata al'ada da ba mu da wata kalma gare ta sai ganganci, watau zuba ruwan omo a madadin man birki. Yana cin robobi, yana sa tsatsa, kuma in birki ya yi zafi sai ya tafasa, ƙafa ta nutse ba abin da ya kama.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa: sabo na ainihi, da na hannu wanda a ke kira Beljiyam, da sabo na jabu. Mai ƙaramin ƙarfi ya san inda zai yi rowa. Ƙofa, da gilashi, da fitila, da giyabos, har da aksul, na hannu daga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano sun wadatar, sau da yawa ma sun fi sabo na jabu ƙarko. Amma robobin birki, da kan tayarod na sitiyari, da gaskit, a saye su sababbi wurin wanda aka sani. A tafi da tsohon a gwada, kuma a ce wa bakanike ya komo da abin da ya cire. Taya ta hannu kuwa a duba lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2316, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2016, ko da zanenta bai goge ba robar ta tsufa.

Sauran maganar lokaci ce. Cikin Yuli da Agusta amfani yana gona, lodi ya yi ƙasa, makanikai ba su da cunkoso, ana iya barin mota kwana uku a bi ta a tsanake. Cikin Nuwamba kuwa kowace rana da ta kwana a gareji kuɗin sawu ne ya wuce, kuma in tumatirin Danja ne a bayanta da rani, mai kaya ba zai jira a aika Kaduna neman boris ba. Ban da wannan, mutanen yankin Faskari da Sabuwa da Dandume sun san abin da matsalar 'yan bindiga ta jawo a shekarun nan, ba wanda ke so mota ta mace masa a daji bayan magariba.

A nan ne malami da akawu suka fi sauran masu mota sa'a, gama rubutu sana'arsu ce. Mu da mu ke koya wa ɗalibai masu neman zama malamai yadda a ke riƙe rajista, mu kan yi mamakin wanda ba ya kuskure sunan yaro ɗaya cikin sittin, amma in ka tambaye shi yaushe aka juye wa motarsa mai sai ya ce bari ya tambayi direba. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. A raba shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da aka kashe, da aikin da aka yi. Kowane sawu a ware wani abu, ko kashi ɗaya cikin goma, a ajiye shi dabam inda kuɗin cefane ba ya kaiwa. Bayan shekara guda littafin zai nuna ko sifirin yana karyewa fiye da ƙima, a san direba yana ƙara lodi a ɓoye, ko kuwa baƙin mai yana ƙarewa kafin lokacinsa, a san ringi ya kusa, a sa shi cikin aikin Agusta mai zuwa.