Alayyahu: Amfaninsa Yana Hannun Mai Girki

Duk wanda ya san Jiratawa ko fadamun Tibiri ya san albarkar da ke gefen Gulbin Maraɗi. Tun shekarun 1980 da aka shimfiɗa filin noman rani na Jiratawa, wanda hukumar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, lambunan yankin ke ciyar da kasuwannin Maraɗi da zogale, kabeji, salati da alayyahu. Amma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda yunwar 2005 ta fi yi wa 'ya'yansu illa, kuma binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 73 cikin ɗari na yara ƙanana da kashi 46 na mata suna fama da ƙarancin jini. Alayyahu na iya rage wannan matsala, kuma samunsa ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake dafa shi da abin da ake haɗa shi da shi.

Alayyahunmu ba irin na Turai ba ne mai son sanyi. Namu zafi yake so, cikin mako huɗu ya isa yanka, in an yanke kuma ya sake tohowa. Ganyensa na ɗauke da sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi, da folat wanda ɗan tayi ke buƙata a makonnin farko don ƙwaƙwalwa da lakarsa su haɗu daidai. Akwai karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai kare ido daga dundumi da ƙarfafa garkuwar yaro, ga kalsiyam na ƙashi, ga dusar ganye mai sauƙaƙa bayan gida. Tuwon hatsi da fura suna ba da ƙarfin aiki, amma ba su da bitamin A da C na a zo a gani. Miya ce ke cike wannan giɓi.

Wasu za su ce ƙarfen da ke cikin ganye kaɗan ne jiki ke iya tsotsa, nama da hanta sun fi shi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Sai dai gida nawa ne ke ɗora nama kullum, alhali ɗaurin alayyahu kowa na iya saya? Kuma uwargida na da dabarar da za ta ƙara abin da jiki ke samu. Bitamin C na buɗe wa ƙarfen ganye hanya, don haka tumatir, tattasai ko matsin lemun tsami bayan an sauke tukunya suna da babban aiki. Ɗan kifi ko nama, komai ƙanƙantarsa, shi ma yana taimakawa. Shayi kuwa akasin haka yake yi: yana ɗaure ƙarfe a ciki, shi ya sa ya kamata a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci. Karotin kuma ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A nan Maraɗi, ƙasar gyaɗa, ta yi dace, domin kwaɗon alayyahu da ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa da tumatir ya haɗa kusan duk abin da ake nema.

Babbar asara a kan murhu take faruwa. Ganyen da aka yanka sannan aka jiƙa a ruwa yana zubar da folat da bitamin C, don haka a wanke tukuna kafin a yanka. Doguwar tafasa na kashe su, kanwa kuma, wadda ake jefawa don ganye ya yi laushi ya riƙe korensa, tana ƙara lalata su. Alayyahu mai taushi ne, ba ya buƙatar kanwa. A zuba shi a ƙarshen miyar taushe, fate ko dambu, a rufe tukunya na 'yan mintoci, a sauke yana kore shar. Wanda zai shanya don ajiya ya shanya a inuwa, saboda rana na cinye karotin.

Akwai masu tsoron maganin feshi da ruwan ban-ruwa marar tsabta, kuma tsoronsu na da tushe. Hakkin manomi ne ya bar tazarar kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da yanka, na mai saye kuma ya wanke da ruwa mai yawa ya dafa. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya rage ci, ya tafasa ya zubar da ruwan, domin ganyen na da sinadarin da ke taimaka wa tsakuwa taruwa. Haka nan zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cin jini, kuma miya ba ta maganinsu. Mai juna biyu ta ci gaba da zuwa awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Maigida ya riƙa sa ɗaurin alayyahu cikin cefane sau da yawa a mako, uwargida ta ajiye kanwa gefe, sannan yaron da ya cika wata shida a daka masa ganyen cikin abincinsa, a kuma ci gaba da ba shi nono.