Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Leƙa Bayan Ido da Haske

A Zangon Kumasi ba a rasa dattijon da ake cewa girman kai ya kama shi. Ka gaishe shi a ƙofar masallaci, ya tsura maka ido, sai ka sake magana kafin ya ce, "Au, ɗana, ashe kai ne?" Ga shi kuwa yana takowa daga Aboabo har Manhyia ba sanda ba ɗan jagora, yana tsallake kwata, yana kauce wa motoci. Wa zai yarda idonsa ne?

Sau da yawa kuwa idon ne. A can bayan ƙwayar ido akwai siririn tantani mai karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan gurbi da likitoci ke kira makula, faɗinsa wajen milimita 5 da rabi, bai kai ƙwayar wake ba. Da shi tela ke zura zare a allura, da shi malami ke bin wasulla a allo, da shi ake gane fuska. Idan shekaru suka ci shi, tsakiyar gani ke dushewa, gefe ya saura garau. Sauya tabarau ba ya maganinsa, aikin cire yana ma haka.

Na'urar da ke tona asirin wannan gurbi ita ce OCT. Majiyyaci zai ɗora haɓarsa a kan wani ɗan matashi, ya jingina goshi, ya kalli ɗigon haske. Ba abin da ke taɓa ido, ba zafi, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Aikinta ya yi kama da sikanin da ake yi wa mai juna biyu, sai dai ita da haske take aiki maimakon sauti. Matsalar haske kuwa gudu ne da shi, ba agogon da zai auna lokacin dawowarsa daga wuri mai ƙanƙanta haka. Sai masana suka yi dabara: a raba hasken biyu, rabi ya shiga ido, rabi ya bi hanyar da aka san tsawonta, in sun dawo a haɗa su a kwatanta. Daga nan kwamfuta ke zana tantanin hawa-hawa, kamar an yanka burodi ana duban cikinsa. James Fujimoto da David Huang da Eric Swanson da abokan aikinsu suka bayyana na'urar a 1991 a jami'ar MIT ta Amurka, kuma su ukun sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2023.

A hoton, likita na iya ganin 'yan tsirarun dattin da suka taru a ƙarƙashin makula tun mai idon bai san da su ba. Yana kuma rarrabe busasshen nau'in ciwon, mai tafiyar hawainiya, da mai ruwa, wanda sababbin jijiyoyi ke tsirowa suna yoyo, ya lalata gani cikin makonni. Shi mai ruwan ana tare shi da allura a ido, in an zo da wuri.

Makula da jini take rayuwa, don ƙananan jijiyoyi ne jibge a bayanta suna ciyar da ita. Shi ya sa abin da ke wahalar da jijiyoyin jiki ba ya barin ta. Taba ce kan gaba: tana ninka haɗarin lalacewar makula aƙalla sau biyu. An kuma ga alaƙar ciwon da hawan jini da ƙiba da ciwon zuciya, ban da tsufa da gado waɗanda ba a iya musu komai. Ciwon suga nasa ta'adin daban ne, yakan kumbura makular da ruwa, kuma na'urar nan ce ke auna kumburin.

Gaskiya ciwon makula na tsufa ya fi yawa a Turawa. An ƙiyasta mutum miliyan 196 ke da shi a duniya a 2020. A wajenmu hawan jinin ido da suga sun fi cika layin asibiti, amma su ma OCT na kama su.

Kai da ka haura hamsin, rufe ido ɗaya ka dubi miƙaƙƙen layin gefen ƙofa, sannan ka sauya ido. In layin ya karkace ko tsakiyarsa ya ɓace, kada ka tsaya sayen maganin ɗigawa a kasuwa. Nufi sashen ido na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, cikin makon nan, ka tafi da katin awon jininka da na suga.